Wanda Ya Ƙure Malam Shi Ke Cin Ƙosai

An kore ni daga makaranta ina uwar 'ya'ya huɗu, a gaban 'yar cikina, kuma har yau ban ga laifina ba. Wadda ta kore ni ta riga mu gidan gaskiya, ina yi mata addu'a, amma addu'a daban gaskiya daban. Ban zagi kowa ba, ban fasa allon kowa ba. Tambaya na yi.

Makarantar a nan Makka take, a unguwarmu ta Jarwal, cikin soron wata dattijuwa da kowa ke ce wa Faƙiha. A zamanin babu makarantar gwamnati ta mata. Duk mai son 'yarsa ta iya karatu, gidan irin waɗannan mata yake kai ta, ta zauna a tabarma ta yi ta biyawa. Ni kuwa ba wanda ya kai ni, ni na kai kaina. Amma kafin in faɗi tambayar da ta jawo mini kora, sai na faɗi inda na koyo ta, don ba daga Kano na taho da ita ba.

Ni da maigidana mun baro gida muna sababbin aure, da niyyar hajji a ƙafa kamar yadda mutanenmu ke yi. Mun ratsa Sudan, mun kai bakin teku, wani mai jirgin ruwa ya ɗauke mu da alkawarin Jidda, ya sauke mu a gaɓar Yaman ya ce ga ta nan bayan dutse. Babu Jidda babu dalilinta. Daga nan muka gangara Adan neman abin sakawa a baka, yaƙin Turawa ya tare hanya, muka zauna shekaru. Shi yana dako a tashar jiragen ruwa, ni na kafa kaskon ƙosai.

Inda na kafa shi kuwa jikin bangon wata makaranta ne, don na ga samari suna fitowa da hantsi kamar fara. Ban san ta Yahudawa ba ce sai da na zauna. Da aka gaya mini, na tsorata, saboda irin abin da muka taso muna ji. Na ɗaga kai na dube su da kyau: samari ne masu tsiron gashin baki, 'yar hula a ka, waɗansu da tukkun gashi a gefen kunnuwa, sai ture-ture suke suna haɗiyar yawu a kan kaskona. Yunwar ɗan makaranta dai iri ɗaya ce ko'ina. Amma ko ɗaya bai saya ba.

Ana nan sai ga wani tsoho ya fito, gajere, gemu har ƙirji. Suna ce masa Mori, wato malam. Ya tsuguna a gabana ya ce da Larabci, "Baiwar Allah, me kike sawa a ciki?"

Na ce, "Wake. Ko ka ga ya yi kama da nama?"

Ya ce, "Kaskon ya taɓa ganin nama?"

Na ce, "Mai kaskon ma ta manta kamanninsa."

Ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya ce in kawo waken ɗanye washegari ya gani. Na kawo. Tsohon nan ya baza mini wake a faifai yana juya shi ɗaya-ɗaya yana neman ƙwaro, kamar surukar da ta zo neman laifi. Ni da na yi surfe tun ban kai turmi tsawo ba! Na haɗiye, don ciniki nake nema. Da ya gama ya ce ya yarda, sai sharaɗi guda: a addininsu ba su cin dafuwar wanda ba nasu ba sai da hannun nasu a ciki. Saboda haka kullum ɗalibi ne zai hura mini wuta, shi ne kuma zai jefa ƙullun farko a mai.

Haka na wayi gari da 'yan aiki kyauta. Suka tsara abin bi da bi, don wanda ke kan layi yana tsere wa darasin farko. Samarin da ke lissafi da Turanci, ga su durƙushe suna hura gawayi suna hawaye. Ƙullun farko kuwa ban taɓa ganin wanda ya jefa shi daidai ba. Wani ya fito kamar takalmi, wani kamar ƙadangare. Wani dogo mai tabarau ya taɓa jefawa daga tsaye don tsoron mai, man ya fantsamo masa, ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙwaryar yaji.

Tagar babban aji tana saman kaina, shi ya sa duk abin da ake yi a ciki nake ji. Ranar farko da na ji su na zaci faɗa ne ya kaure. Na miƙe da matsami a hannu na leƙa don in raba. Me zan gani? Sun zauna biyu-biyu, littafi ɗaya a tsakani, suna rangaji gaba da baya, kowa yana yi wa ɗan'uwansa ihu yana soka babban yatsa a iska. Wani ma ta ƙasa-sama yake karanta littafin, don a ɗaya ɓangaren littafin ya zauna, kuma bai dame shi ba. Mori yana gefe yana lumshe ido kamar mai jin kiɗa.

Da aka tashi na tare shi na ce, "Malam, yaran nan za su kashe juna kana kallo."

Ya ce, "Karatu suke yi."

"Wannan hayaniyar?"

Ya ce, "Kowane ɗalibi muna haɗa shi da abokin musu. In ya faɗi magana, aikin abokin ya rushe ta. Abin da ya rage a tsaye, shi ne ya sani."

Na ce, "To me ya sa ka haɗa mai tabarau da wancan mai ƙaton kai? Ko a layin ƙosai ba sa ga maciji."

Ya ce, "Shi ya sa. Wanda ke son ka zai bar ka da kuskurenka."

Abin bai tsaya tsakaninsu ba, har shi malamin ba su ƙyale ba. Da Larabcin garin suke muhawara, ina fahimta. Zai faɗi hukunci, sai ka ji wani daga baya ya ce, "Wa ya ce?" Ya faɗi wanda ya ce. Wani ya ce, "To in da ranar Asabar ce fa, ranar da ba ma aiki?" Ya amsa. "In kazar ta maƙwabci ce fa, ta yi ƙwan a gidanka?" Wallahi sun taɓa kwashe safiya guda a kan ƙwai ɗaya, har mai ya ƙone mini ina sauraro. Ranar da kuwa wani ya kawo tambayar da ta ƙure shi, sai ka ji ajin ya yi tsit. Tsohon ya ja gemu, ya ja, ya ce bai sani ba, sai ya duba. Daga nan ya leƙo ta taga ya ce, "Baiwar Allah, zuba wa wannan ɗan banzan mai zafi, a kaina." Yaron ya fito yana tafiya kamar ango, sauran suna binsa suna roƙon ɓari.

Da idona na ga wannan, ba sau ɗaya ba. To ni da ban taɓa taka makaranta ba, me zan ɗauka? Na ɗauka haka makaranta take duk duniya: ka ƙure malam, a saya maka ƙosai.

Ba karatu kaɗai suke yi ba. Da la'asar suna buga ƙwallo a fili, can ma rabin wasan musu ne. Akwai lokacin da suke kafa rumfar ganyen dabino a tsakar makaranta su riƙa cin abinci a ciki, a yi ta gardama ko inuwarta ta fi ranarta yawa. Sai wani biki da suke wasan kwaikwayo na wani sarkin zamanin da, da mugun wazirinsa. Wata shekara suka rasa kayan sarki, suka lallaɓe ni na ara musu babbar rigar maigidana, ita ke nan gare shi, ba da saninsa ba. Al'adarsu duk sanda aka ambaci sunan wazirin sai a yi ta buge-buge har sunan ya ɓace, saboda haka suka are murafen tukwanena duka. Mai ƙaton kai ne sarki, mai tabarau ya fito a sarauniya da gyalen uwarsa. Ana tsakiyar wasa sarki ya miƙe, ya taka bakin riga ya kifa, sarauniya ta manta ita mace ce ta ce, "Wa ya ce ka tashi yanzu, jaki?" Rigar ta dawo da yagewa a hammata. Ranar Juma'a maigida ya ɗaga hannu zai yi kabbara ya ji iska na shiga. Na ce ɓera ne. Ya ce bai taɓa ganin ɓeran da ke barin warin turare ba.

Akwai ɓangaren 'yan mata a bayan katanga. Su nake kallo in sun fito da littattafai a ƙirji, waɗansu ban girme su da komai ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma a nan son karatu ya shige ni. Da hanya ta buɗe muka taho, ranar sallama Mori ya ce, "Kin fi rabin ajina kunne. Ki nemi wanda zai koya miki." Bayan mun iso Makka muka ji fitina ta tashi a garin, mutanensu sun watse. Ban san inda mai tabarau ya ƙare ba, ko wa yake yi wa musu yanzu.

A Makka haihuwa da wankau suka cinye ni. Maigida ya samu aiki wajen wani mai yi wa alhazai jagora, ni ina wanke kayan mutane, ina kai ƙosai kasuwar Zahir in an samu wake. Sai da babbar 'yata ta fara zuwa gidan Faƙiha, ta dawo wata rana ta tsaya a bayana ina salla, na sallame ta ce, "Inna, ba haka ake karanta wannan surar ba." Na ɗaga hannu zan kai mata, sai na ga gaskiya gare ta. Shekara da shekaru ina gaban Ɗakin Allah ina yi masa karatun da yarinya ke gyarawa.

Na sami maigida na ce makaranta zan shiga.

Ya ce, "Ke? Da wannan bakin?"

Na ce, "Da shi ake karatun ai."

Ya ce, "Na yarda, amma ki ji da kyau. Ranar da aka kawo mini ƙararki, an gama. Ba ke ba makaranta har abada."

Na shiga. Aka ba ni wuri a ƙarshen tabarma, gwiwoyina sun kai kafaɗun yara. Suna ce mini Hala, wato gwaggo, suna ƙunshe dariya. Faƙiha mace ce siririya, 'yar asalin garin, da sanda doguwa wadda ke kaiwa ko'ina ba tare da ta tashi ba. Kwanakin farko na yi shiru ina jira a fara karatun gaske. Sai biyawa ake yi: ta faɗa, a faɗa. Na ce a raina, wataƙila sai an yi ɗumi. Na dubi yaran, ba mai cewa uffan. Tausayin matar ya kama ni. Na ce baiwar Allah nan ta yi rashin sa'ar ɗalibai, duk ba mai ƙaunarta da zai rushe mata magana.

Ranar Alhamis takan ajiye allo ta koyar da hukuncin tsarki. Ta ce ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya, ba a alwala da shi. Yara suka maimaita. Na ga dama ta samu. Na gyara zama, na ɗan fara rangaji yadda na ga ana yi, na ɗaga babban yatsa na ce, "Wa ya ce?"

Soron ya yi tsit. Na ji daɗi, don na san wannan shirun.

Ta ce, "Na'am?"

Na ce, "Wa ya ce, Sitti? A ina kika samo?"

Ta ce, "Malamai suka ce."

"To ruwan salka fa? Duk wanda mai ruwa ya kawo mana a salka warin jima yake yi, ɗanɗanonsa ma na fata ne. Ke nan duk unguwar nan ba mai alwala?"

Ta buɗe baki. Ban bari ta huta ba, don a can ba a bari.

"In a garwa ya kawo fa, wadda aka taɓa zuba kananzir? In akuya ta sa baki fa? In akuyar ta maƙwabta ce?"

'Yata ta ja gyale ta rufe fuska. Wata yarinya ta fashe da kuka, ban san dalili ba. Faƙiha ta dube ni, ta dubi sandarta, ta ga ba ta san inda ake dukan uwar 'ya'ya huɗu ba.

Na ƙure ta. Na koma na jingina da bango, na harɗe hannu ina murmushi. Ina rantsuwa da Allah ƙosai nake jira. Na san babu mai kasko a ƙofar, amma na ce ko dabino ne za ta aika a kawo.

Ta ce, "A wace makaranta aka koya miki wannan rashin kunyar?"

Ni kuma da alfaharina na ce, "Ta Yahudawa, a Adan."

Ba sai na faɗi sauran ba. Ta miƙe tsaye, abin da yara suka ce ba su taɓa gani ba. "Barra! Fita! Aib a kanki, babbar mace!" Aka miƙo mini takalmana ta taga. Kafin in kai gida labari ya riga ni, har an ƙara masa gishiri: wai na yi shekara bakwai ina karatu a wajen Yahudawa, na zo in gwada malaman Makka. Ni da ban san alif ba.

Da la'asar maigida ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Me na ce miki?"

"Tambaya na yi, Malam."

"An aike ki? Mutane na tare ni a hanya suna tambaya ko gaskiya ne matata ta iya karatun Yahudu!"

"Ka ce musu wake na soya musu. Kai ma ka ci kuɗin."

"Shi ke nan. Magana ta ƙare. Ba ke ba makaranta."

Ya shige ɗaki. Na zauna a tsakar gida kusa da randa, raina kamar garwashi. Ba korar ce ta fi ci mini rai ba. Allona ne da ke jingine, da haruffan da aka rubuta mini waɗanda ban kai ga sanin sunansu ba, ga shi an rufe ƙofar.

Sai na ji dariya ta bayan katanga. Maƙwabciyata ce, wata Basakkwatiya da ta zo ta Sudan, 'yar malamai, ta sauke Alƙur'ani ta karanta littattafai wajen ubanta. Tun da muka tare muke faɗa da ita a kan kwata: ta ce ruwan wankina ke bi ta ƙofarta, na ce ƙofarta ce ta zo ta tsaya a hanyar ruwana. Ko gaisuwa ba ma yi sai da Salla, ita ma a tsaye.

Ta ɗaga murya yadda zan ji, wai da kazarta take magana. "Oh ni! Ana zaune ƙalau jahilci ya tafi makaranta ya dawo. Ruwan salka ai ya halatta, tun da abin da ya sauya shi mazauninsa ne. Ɗan yaye ma ya san wannan."

Na miƙe na ce, "Wa ya ce?"

Ta ce, "Littafi ya ce, ba ke ba! Yana cikin akwatina."

"To na garwar kananzir fa?"

Na ji ta tana jan tsaki. Can ta ce, "Wannan da magana. In wari ne kawai ya kama... ke, ina ruwanki ma? Tafi ki gyara kwatarki!"

"Ba ki sani ba ke nan!"

"Ni ce ban sani ba? Bari in duba, in na fito sai kin raina kanki!"

Na ji ƙarar buɗe akwati. Na tsaya riƙe da katanga. Shekara nawa ina zaune da matar nan ina ɓarnatar da ita a kan ruwan wanki! Mace mai littafi a akwati, wadda ko sama na ce tana sama sai ta ce ƙarya nake. Irin wadda Mori zai haɗa ni da ita ke nan tun ranar farko.

Na leƙa ɗaki na ce, "Malam, makaranta ka hana ni, ko shiga maƙwabta?"

Ya ce, "Makaranta na ce."

"Ko da maƙwabtan suna da littafi?"

"Ke, ki rabu da ni."

"In a zaure ne fa, ba a soro ba?"

Ya ja mayafi ya rufe kai ya ce, "Ki je duk inda za ki, in dai ba za a kawo mini ƙara ba." Na ce a raina, wadda za ni wurinta ba ta kai ƙara, da kanta take ramawa.

Washegari da sassafe na jiƙa wake, na niƙa, na soya ƙosai cikin kwano, na rufe da faifai. Na ɗauki allona, na tsallake kwatar da muke faɗa a kanta, na buga ƙofarta da ƙarfi.

Ta buɗe tana ɗaura ɗankwali, ta dube ni sama da ƙasa. "Lafiya? Faɗan ne tun da safe?"

Na ce, "Shi ne. Amma yau a kan wannan za mu yi." Na miƙa mata allon.

Ta ce, "Kwanon fa?"

"Na wadda ta ƙure 'yar'uwarta ne."

Ta karɓi allon, ta juya shi, ta taɓe baki. "Wa ya gaya miki haka ake riƙe allo? Kin kifa shi ƙasa-sama."

Na ce, "Na ga masu karantawa a haka, kuma sun fi ki ilimi."

Ta ce, "Ƙarya kike. Shigo ki zauna."

Na cire takalmi na shiga.